Darasi na 7: Ciwon Hannun Mai Hawa da Maganin Kumburi

Mai hawan dutse ko bango, sau da yawa nauyin jikinsa duka a kan yatsu yake rataya. Tsoka tana saurin yin ƙarfi, amma jijiyar da ta haɗa ta da ƙashi ba ta samun jini sosai, don haka a hankali take ƙarfi, a hankali kuma take warkewa.

Yatsa, gwiwar hannu da kafaɗa su suka fi shan wahala. A cikin yatsa akwai wasu ƙananan zobba masu tauri da ke riƙe jijiya a jikin ƙashi, kamar yadda madauki ke riƙe bel a wando. Idan mutum ya maƙale da kan yatsu, ƙafa ta zame, ɗaya daga cikin zobban nan na iya tsinkewa. Wani lokaci har ka ji ƙara, ɗas! Yawanci yatsan tsakiya ne ko na kusa da ƙaramin yatsa.

Da ka ji haka, sauko. In kana sanye da zobe, cire shi kafin yatsa ya kumbura. Naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, ka maimaita bayan awa 2 ko 3 cikin kwana biyun farko, hannun kuma a ɗage. In ƙashi ya goce, ko hannu ya mutu ba ka jin taɓi, ko yatsa ya ƙi lanƙwasuwa, a wuce asibiti.

Yanzu sai batun magani. Ibuprofen, diclofenac da naproxen dangi ɗaya ne, suna rage ciwo da kumburi. Babba kan sha ibuprofen miligiram 200 zuwa 400 a lokaci guda, kuma kada ya wuce 1,200 a yini sai da izinin likita. A sha bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki kawai. Kada a haɗa biyu daga dangin nan, wai don ya fi aiki. Cutarwar ce ke ninkuwa.

Waɗannan ƙwayoyi suna iya cin bangon ciki, suna kuma wahalar da ƙoda, musamman ga wanda ya yi gumi bai sha ruwa ba. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko zuciya, mai hawan jini, mai asma da mai juna biyu, duk su tambayi likita tukuna. Wanda ya ga bahayarsa ta yi baƙi ƙirin ko ya yi aman jini, ya daina sha, ya nemi asibiti nan take. Paracetamol ba ya rage kumburi, amma yana rage ciwo kuma ya fi sauƙi a ciki. Akwai kuma diclofenac na shafawa, wanda kaɗan ne ke shiga jini.

Abin da ya fi damuna shi ne mai haɗiyar ƙwaya da safe don ya koma hawa da yamma. Ƙwaya ba ta ɗinke jijiya. Ciwon take rufe wa baki, alhali shi ne ke gaya maka ka dakata. Ciwon gwiwar hannu da ya yi watanni, yawanci jijiyar ce ta gaji ta lalace, kumburin kaɗan ne. Abin da take so hutu ne daga hawa mai tsanani, sai motsa hannu a hankali, ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan. Wannan kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni.

Aikin aji: Ɗauko kwalin maganin ciwo. Nemo sunansa da lambar da ke gaban haruffan "mg", wato miligiram. In 400 ce kuma ibuprofen ne, ƙwaya nawa ce iyakarka a yini? Rubuta amsar a littafinka.