Idan Bututun Ruwa Ya Fashe a Tsohon Gida

A tsofaffin unguwanni da ake ta sabbin gine-gine, fashewar bututu ta zama ruwan dare. Yawancin bututan na ƙarfe ne, tsatsa ta cinye su, ga tifofin yashi suna bi ta kansu kullum, ga masu haƙa harsashi suna sara ba su san abin da ke ƙasa ba.

1. Rufe makullin ruwa nan take. Yawanci yana inda bututu ya shigo gida, ko a gindin tanki. Ka nemo shi tun yau, kowa a gida ya san wurinsa.

2. Idan ruwa ya kusa soket ko waya, kashe wutar gidan daga babban makunni, da busasshen hannu. Kashe injin burtsatse ma.

3. Buɗe famfunan ƙasa, ka tari ragowar ruwan a bokiti.

4. Yanko tsohon tiyub na keke, ka naɗe wurin tam, kana ja kana ɗora zagaye kan zagaye, sannan ka ɗaure da waya. Wannan na wucin gadi ne kawai, musamman a jikin katangar ƙasa, domin ɗigo kaɗan na iya jiƙa gindinta har ta zube.

5. Kira mai gyaran famfo. In ƙarfen ya ruɓe, gara a sauya layin da na roba. Faci ɓarnar kuɗi ne.

In a titi ya fashe, ɗauki hoto, ka sanar da mai unguwa da hukumar ruwa. Ku riƙa tafasa ruwan sha bayan gyara, domin ruwan kwata kan shiga ta wurin fashewar.