Yadda zaka sauke hoto ko bidiyon da shafi ya hana

Wasu shafukan wayo suke, sai su ɗora wani abu marar launi a saman hoton, ka danna ka riƙe har yatsa ya gaji ba abinda zai fito. A kwamfuta buɗe Chrome ka danna F12, shiga Network, zaɓi Img ka sabunta shafin, hoton zai fito, buɗe shi a sabon tab kai sebin.

Bidiyo kuwa yawanci gutsi-gutsi suke yanka shi, a cikin Network ɗin dai lalubo fayil mai m3u8 a ƙarshen sunansa ka kwafi link ɗin ka zuba a manhajar kunna bidiyo ta VLC (in dai mai abun bai hana ba fa). Netflix kam kar ka wahal da kanka, DRM ne (wato makullin hana kwafi), ko rikodin ɗin sikirin kayi baƙi ƙirin zaka gani, sai dai maɓallin saukewa na cikin manhajar.