Kurakuran da na gaji da gani a filin wasan makaranta

Shekara goma sha huɗu ke nan ina koyar da darasin motsa jiki a wata sakandare a cikin birnin Kano, kuma duk shekara sababbin ɗalibai sai su ɗauko kuskuren da waɗanda suka fita suka ajiye. Yaron da ke yanke mutum uku a filin unguwa bayan la'asar, ranar gasa sai ka gan shi kamar an ɗaure masa ƙafa da igiya. Ƙwallon tana nan a ƙafarsa, kansa ne ya ƙi ba shi haɗin kai.

Abu na farko shi ne ɓoye fargaba. Kuna ɗauka faɗuwar gaba kafin a busa usur alamar ragon namiji ce, sai kowa ya haɗiye tasa yana cika baki. Zuciya ta riƙa dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe, fitsari ya matso: wannan aikin sinadarin adirenalin ne, jiki ke ɗaura ɗamara. Tun a 1908 wasu masana biyu a Amurka, Yerkes da Dodson, suka nuna cewa zumuɗi matsakaici shi ke gyara aiki, idan ya yi kaɗan mutum ya yi sanyi, idan ya wuce kima ya rikice. Ni abin da nake sa yarana shi ne su ja numfashi ta hanci suna ƙirga huɗu, su sake shi a hankali suna ƙirga shida, sau biyar, bayan sun yi addu'arsu. Wasu malaman sun fi son a yi ta tsalle da kirari. Ni ban ga ya yi wa mai bugun fenareti amfani ba.

Tunda na ambaci fenareti, bari in faɗi nawa laifin, don ya fi na kowa tsada. A farkon aikina muka kai wasan kusa da na ƙarshe a wata gasar makarantu, aka tashi kunnen doki, aka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida. Mai bugunmu na biyar yaro ne ɗan aji biyar, shiru-shiru, wanda a atisaye da wuya ya ɓarar. Na kama kafaɗarsa na ce, "Kada ka kuskura ka ɗaga ta sama." Ya ce, "To, Malam." Ya ajiye ƙwallo, ya ja baya, ya ɗaga ta har ta haye katangar filin. Maimakon in rufa masa asiri, sai na balbale shi da faɗa a gaban 'yan ajinsu da 'yan kallo. Bai ƙara saka takalmin ƙwallo a makarantar ba. Yanzu yana zaman shago a Kantin Kwari, duk sanda na bi ta layinsu sai ya taso ya russuna ya gaishe ni, ni kuma in rasa inda zan sa idona.

Daga baya na gane abin da na yi. Ƙwaƙwalwa hoton abin da aka ambata take riƙewa, ba ta cika damuwa da "kada" ɗin da ke gabansa ba. Na ce masa sama, saman ya tafi da shi har gaban ƙwallo. Yanzu abin da za a yi kawai nake faɗa: ƙasa, gefen dama, da cikin ƙafa. Kuma ka zaɓi kusurwarka tun kana tsakiyar fili, in ka fara takowa babu canja shawara ko da gola ya yi rawa a kan layi. Tazarar mita 11 ce kacal, amma ta kunyata manya. Roberto Baggio na Italiya, wanda ya fitar da Najeriya da ƙwallaye biyu a gasar cin kofin duniya ta 1994, shi ne ya ɗaga tasa sama a wasan ƙarshe da Brazil. Balle ɗan sakandare da malaminsa ya gama tsorata shi.

Ku kuma kyaftin-kyaftin, da ku nake. Wa ya gaya muku ɗaura ƙyalle a damtse lasisin zagi ne? Ɗan baya ya yi kuskure, tun bai miƙe ba an ce masa "kai wane irin wawa ne". To minti goma masu zuwa ba ƙwallo zai buga ba, gudun ta zai riƙa yi don kada a sake zaginsa, kun koma ku goma a fili da hannunku. A ƙungiyata duk wanda ya zagi ɗan'uwansa benci zai koma, ko shi ne ya ci mana biyu. An sha yi mini ƙorafi a kan wannan doka, ban sauya ba.

Sai masu sakin jiki da zarar an zura musu biyu. Ku tambayi iyayenku labarin wasan Najeriya da Brazil a gasar Olympics ta Atlanta a 1996: Brazil na gaba da ci 3 da 1, saura kusan minti goma sha biyu, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke, ya kuma ci ta zinare, wato wadda ta rufe wasan nan take a ƙarin lokaci, aka tashi 4 da 3.

Sauran ƙanana ne. Kwana a gidan kallon ƙwallo daren gasa, ka zo da jan ido. Sabon takalmi ranar wasa, hankalinka ya koma kan ƙafar da ke zogi. Musu da alƙalin wasa, wanda ban taɓa ganin ya janye hukunci don an yi masa tsawa ba. 'Yan matan gudun mita 100 da ke waiwayen ta gefe maimakon kallon layin ƙarshe. Sai burin da ba shi da matakala: kowa zai zama Ahmed Musa, ya tashi daga Kano Pillars ya tafi Turai, amma ka ce ya buga fasin ashirin da ƙafar hagu a jikin bango kullum, sai ya ce rana ta yi zafi.

Fenareti kuwa yanzu a ƙarshen atisaye muke yin sa, lokacin da kowa ya galabaita. Ina tara sauran ɗalibai a bayan raga su yi ta ihu da buga galan, mai bugu ya tako shi kaɗai tun daga tsakiyar fili. Wanda ya ɓarar, shi zai fara bugawa ranar Laraba.