Darasi na 9: Ƙwaron da ya ari rigar rina

A lambunan Ojo da ke Legas, inda 'yan'uwanmu ke noman alayyafo da latas, akwai wani ƙwaro da kan sauka a kan fure da tsakar rana. Baƙi ne, cikinsa da zobe-zobe ja ko ruwan ɗorawa, fukafukansa sirara masu tabo garai-garai kamar gilashi. Yaro kan hango shi ya yar da bokitin ban-ruwa ya arce, wai ya ga rina.

Ba rina ba ce. Dangin malam-buɗe-littafi ne, ɗan'uwan waɗannan masu kewaye ƙwan lantarki da dare, sai dai shi da rana yake yawonsa. Ba shi da ƙari, ba ya harbi. Rigar kawai ya ara. Tsuntsun da rina ta taɓa harba ba ya mantawa, in ya sake ganin wannan launi sai ya kauce. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Bates, wanda ya shekara 11 yana tara ƙwari a dajin Amazon, shi ya bayyana wannan dabara a rubuce a 1862.

To yaya za a bambanta su? A fara duba ƙugu. Na rina da zanzaro a tsuke yake kamar an ɗaure da zare, shi ya sa ma wanda ya cusa riga cikin wando ake ce masa ya yi zanzaro. Wannan kuwa ba shi da ƙugu, ƙirji da ciki a haɗe suke. Sai baki: rina tana da muƙamuƙin tauna, shi kuwa dogon bututu gare shi na tsotsar ruwan fure, yana naɗe shi kamar gammo in ya gama sha. In ka tsinci matacce ka shafa bakin fukafukin, wani gari zai maƙale maka a yatsa. Na rina ba ya haka.

Da ido ake wannan dubawa, malam, ba da hannu ba, har sai ka tabbatar. Kuma kada a yi gaggawar ɗauko maganin feshi. Ita kanta rinar tana farautar tsutsar da ke huda ganyen alayyafo, ta kai wa 'ya'yanta.

Aiki: Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku, ka lura da ƙugiyar harafin ƙ: ƙwaro, ƙugu, ƙari, ƙirji. Sannan ka zana rina da wannan ƙwaro gefe da gefe, ka ja layi a ƙugun kowanne, ka kawo aji ranar Asabar.