Yadda Ake Gwada Ko Garkuwar Jikin Ɓera Ce Ta Kashe Ƙarin da Aka Dasa Masa

Mai binciken da yake son ya nuna cewa ƙwayoyin garkuwar jiki ne suka gane ƙarin sankarar da aka dasa wa ɓera har suka kashe shi, sai ya fara warware tambaya guda kafin ya ɗauki allura: jiki ya ƙi ƙarin ne don sankara ce, ko kuwa don naman wani ɓera ne daban? Masana na farkon ƙarni na 20 sun sha dasa ƙari daga wannan ɓera zuwa wancan, su ga ya narke, su zaci sun gano rigakafin sankara, alhali abin da suka gani bai wuce irin ƙin da jiki ke yi wa fatar wani ko ƙodarsa ba. Sai da Clarence Little ya fara samar da zuriyar ɓeraye ta DBA a 1909, daga baya kuma Peter Gorer a Ingila da George Snell a Amurka suka bayyana rukunin ƙwayoyin gado na H-2 da ke sa jiki ya gane naman da ba nasa ba, sannan aka sami hanyar raba abubuwan biyu.

Saboda haka aikin yana farawa ne daga zaɓen ɓeraye. A yi amfani da zuriyar da aka haɗa ɗan'uwa da 'yar'uwa a cikinta har haihuwa 20 ko fiye a jere, ta yadda ɓerayen suka zama kusan iri ɗaya a gado, kuma ƙarin ya kasance daga wannan zuriyar ya fito. A cikin nau'o'in ƙarin da ake dasawa, B16 da MC38 na zuriyar C57BL/6 ne, CT26 da 4T1 kuwa na BALB/c ne, wanda ya cakuɗa su ya koma kuskuren da aka yi shekara ɗari da suka wuce. A kula da jinsi, domin jikin macen ɓera yana iya ƙin ƙwayoyin namiji saboda alamar H-Y kaɗai, wadda ƙwayoyin namiji ne kawai ke ɗauke da ita. A tabbatar ƙwayoyin da ake reno ba su kamu da ƙwayar cutar maikofilasma ba, a kuma tuna cewa furotin mai haske da ake saka wa ƙari don a riƙa ganinsa baƙo ne ga ɓera, yana iya jawo harin da ba ruwansa da sankara.

Dashen kansa ba shi da wuya. Bayan kwamitin kula da haƙƙin dabbobin gwaji ya amince, ana yi wa ɓera allurar ƙwayoyin ƙari a ƙarƙashin fatar gefen jikinsa, yawanci tsakanin 100,000 da miliyan ɗaya, sannan a riƙa auna kumburin duk bayan kwana biyu ko uku. Lissafin girman ƙarin da aka fi amfani da shi shi ne a ninka tsawo da faɗi, a sake ninkawa da faɗi, a raba gida biyu. A rarraba ɓerayen rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, kuma ya fi kyau mai awo ya kasance bai san wane ɓera ke wane rukuni ba. Da zarar ƙari ya kai iyakar da kwamitin ya gindaya, ko ya zama gyambo, gwajin wannan dabbar ya ƙare.

Gwajin da ke nuna ganewa ta gaskiya shi ne wanda Ludwik Gross ya share wa hanya a 1943, Edward Foley ya ƙarfafa a 1953, Richmond Prehn da Joan Main kuma suka kammala a 1957 da ƙarin da sinadarin MCA ke haddasawa. Ana barin ƙarin ya ɗan girma, a cire shi da tiyata, bayan wani lokaci kuma a sake dasa wa ɓeran irin wannan ƙarin. Idan garkuwa ta riƙe alamominsa, dashe na biyu ba ya kamawa, alhali yana girma a jikin ɓeran da bai taɓa haɗuwa da shi ba. Rukunoni biyu ne ke ba wannan sakamakon ƙima, kuma a ganina gwajin da ya rasa su bai cancanci a dogara da shi ba: ɓerayen da aka fara dasa wa lafiyayyen nama na zuriyarsu, waɗanda bai kamata su sami kariya ba, da ɓerayen da aka sake gwadawa da wani ƙari daban. Galibi kariyar ba ta tsallakawa zuwa ƙari na biyu ko da sinadari ɗaya ne ya haddasa su, domin kowane ƙari da nasa sauye-sauyen gado, don haka da nasa alamomi.

Kafin a nemi ƙwayoyin da suka yi kisan, ya kamata a san yadda ganewar ke faruwa. Kusan kowace ƙwayar jiki tana daddatsa furotin da ke cikinta, ta baje gutsattsarinsa, masu tsawon amino asid 8 zuwa 10, a kan furotin MHC na aji na ɗaya da ke bayanta. Idan sauyin gado ya ɓata wani furotin, gutsuren da aka baje sai ya zama baƙo. Ƙwayoyin garkuwa da ake kira dendiritik suna kwashe tarkacen ƙarin da ya mutu su kai kaluluwar da ke kusa, a can su nuna wa wasu ƙwayoyin garkuwa da ake kira T, masu alamar CD8, waɗanda ke hayayyafa su bi jini su isa ƙarin, su huda ƙwayoyinsa da furotin farforin, su zuba giranzayim da ke sa ƙwayar ta kashe kanta. Suna kuma fitar da intaferon gama, wanda ke sa ƙarin ya ƙara baje alamominsa.

Ana tabbatar da wannan ta hanyoyi biyu, cirewa da ƙarawa. A cirewa, ana yi wa ɓera allurar antibodi, wato furotin da ke manne wa wata alama takamaimai, da ke share ƙwayoyin T masu alamar CD8, ko masu alamar CD4, ko wasu ƙwayoyin garkuwa masu kisa da ake kira NK, a duba jininsa a tabbatar sun ɓace, sannan a ga ko ƙarin da aka saba ƙi ya kama. A nan akwai tarko: antibodin NK1.1 da ake share NK da shi yana aiki a C57BL/6 amma ba ya aiki a BALB/c. Ɓerayen RAG, waɗanda ba su da ƙwayoyin T da B (B su ne masu samar da antibodi), suna ba da irin wannan amsar, sai dai har yanzu suna da NK, kuma tun 1986 Klas Kärre ya nuna cewa NK suna kashe ƙarin da ya zubar da MHC ɗinsa. A ƙarawa kuwa, ana ɗebo ƙwayoyin T daga saifar ɓeran da ya ƙi ƙarin a saka wa wanda bai taɓa ganinsa ba. Idan kariyar ta bi ƙwayoyin, an sami hujja mai ƙarfi.

Idan ƙari ya ci gaba da girma, kada a yi saurin cewa garkuwa ba ta gan shi ba. A 1996 James Allison da abokan aikinsa sun toshe CTLA-4, wanda tamkar birki yake ga ƙwayoyin T, sai ɓeraye suka ƙi ƙarin da a da yake cin ƙarfinsu. A 2001 kuma ɗakin gwajin Robert Schreiber ya nuna cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙarin da ya tsiro a jikin ɓerayen RAG ana ƙinsa idan aka dasa shi a ɓeraye masu cikakkiyar garkuwa, alhali wanda ya tsiro a gaban garkuwa yana kamawa, domin an riga an kashe ƙwayoyinsa masu bayyanannun alamomi, masu ɓuya ne suka saura. Wannan na nufin asalin ƙarin da aka zaɓa yana iya yanke sakamakon tun kafin a fara.

Haka kuma allurar dashe tana zuba matattun ƙwayoyi da yawa a wuri ɗaya, tana tayar da kumburi, abin da ƙarin da ya tsiro da kansa a hankali ba ya yi. Harold Hewitt ya ba da rahoto a 1976 cewa ƙarin da ya tsiro da kansa a ɓerayensa bai nuna irin wannan kariyar ba. Don haka duk abin da aka gani a ƙarin dashe sai a maimaita shi da ƙari na biyu a wata zuriyar, sannan a gwada shi a ɓerayen da sankara ke tsirowa a jikinsu, kafin a danganta shi da sankarar ɗan Adam.