Yadda ake mara wa ƙungiyar jami'a baya a shekarar da ta cika da sababbin 'yan wasa

Duk wanda ya daɗe yana bin ƙwallon jami'o'in Amurka, wadda ake yi da hular kwano, ya san irin shekarar da nake nufi. Manyan 'yan wasa sun kammala karatu, biyu ko uku sun tafi NFL, gasar ƙwararru, wasu sun sauya makaranta, sai koci ya wayi gari da yara 'yan shekara 18 da 19 a gurabe masu nauyi. A irin wannan kaka ni ba na cewa kowa ya yi shiru ya zuba ido. Abin da nake cewa shi ne ka san abin da za ka auna, domin sakamakon da ke kan allo ba zai gaya maka gaskiyar ƙungiyar ba tukuna.

Tun kafin a fara a ƙarshen Agusta, ɗauki jadawali ka zauna da shi. Wasa 12 ake yi, kuma nasara shida ake nema kafin a gayyaci ƙungiya wasan ƙarshen shekara da ake kira bol. Ware waɗanda ya kamata a ci, da waɗanda sai dai addu'a, da 'yan tsakiya uku ko huɗu da za su iya faɗawa ko'ina. Na tsakiyan nan su ne ma'auninka. In kuwa ka ɗora ranka kan shiga cikin ƙungiyoyi 12 masu neman kofin ƙasa, tsarin da aka fara a 2024, to kai ka sayo wa kanka ɓacin rai.

Idan an fara wasa, ɗauke idonka daga ƙwallo ka mai da shi kan ƙattin nan biyar da ke tsaye gaban mai jefa ƙwallo suna kare shi. A nan ƙuruciya ta fi tona asirin ƙungiya. Yaron da ya fito daga sakandare zai iya gudu kamar kowa, amma ba zai iya ture ɗan shekara 22 da ya shafe shekara huɗu yana ɗaga ƙarfe ba. Sannan aikinsu na haɗin baki ne: na tsakiya ya karanta tsayuwar abokan hamayya, ya faɗa wa sauran wanda kowa zai tare, duk cikin daƙiƙa 40, wani lokaci a fili irin na Michigan mai cin mutum sama da 100,000, inda ko na kusa da kai ba ka ji. Mutum ɗaya ya motsa kafin lokaci, alƙalin wasa ya jefa ƙyalle rawaya, an koma baya yadi biyar. Wani ya riƙe rigar abokin karawa, yadi goma. Ka riƙa ƙirga waɗannan laifuffuka mako-mako. In suna raguwa, ana koyo, ko da an sha kashi. Ka tuna kuma dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ta taƙaita ayyukan wasa zuwa awa 20 a mako lokacin kaka, yaran nan kuma ɗalibai ne masu shiga aji. Sabo da juna sai a fili ranar Asabar.

Shi mai jefa ƙwallo, kuskurensa iri biyu ne. Akwai wanda ya ga mutumin da ya dace amma ya makara da jifa. Wannan zai gyaru. Akwai wanda bai ma san inda zai duba ba har wasa na takwas. Wannan abin damuwa ne.

Kada ka yi ta ihu a saka sabon yaron da ka ji ana yabo. Tun 2018 doka ta yarda ɗan wasa ya buga har wasa huɗu ba tare da an ƙirga masa shekarar cikin huɗun da yake da su ba. Kocin da ya ajiye shi bayan wasa na huɗu, sau da yawa cikakkiyar shekara yake tanadar maka nan gaba.

Duk lokacin da raina ya soma ɓaci, jami'ar Baylor nake tunawa. A 2017 kocinta Matt Rhule ya ci wasa ɗaya kacal, ya faɗi 11, har jami'ar Liberty ta doke shi a wasan farko. A 2018 ya ci bakwai, a 2019 ya ci 11. Koci Frank Beamer ma a shekararsa ta shida a jami'ar Virginia Tech, 1992, wasa biyu ya ci. Ba a kore shi ba, kuma a kakar 1999 ya kai su wasan ƙarshe na ƙasa. Sannu ba ta hana zuwa. Sai dai ba kowane kocin da aka bai wa lokaci ne ya zama Beamer ba, kuma zamanin ya sauya.

Sauyin shi ne ya sa halinka ya fi da muhimmanci. Tun 2021 ɗan wasa na iya komawa wata jami'a ya ci gaba da wasa nan take, ba sai ya zauna shekara guda ba, yana kuma iya samun kuɗi da sunansa. Yaron da kuka yi wa ihu a Satumba, kuka bi shi da zagi a intanet, da kaka ta ƙare zai tattara kayansa, wata makaranta ta ci moriyar wahalar da kuka sha a kansa. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai. In kana da ƙorafi, kai shi kan koci da shugaban sashen wasanni, manya masu ɗaukar albashi mai tsoka.

Haƙurin nan kuma yana da iyaka, iyakar tasa Nuwamba. Ɗauko wasa na biyu da na goma ka kalle su a jere. In har yanzu ana shiga fili da mutum 12 maimakon 11, ana ɓata damar dakatar da wasa da ake da ita don ba a san wa zai shigo ba, ana barin abokin hamayya a baya babu mai tsaronsa saboda biyu sun bi ɗaya, to yaran sun riga sun yi wasa goma, ba sababbi ba ne kuma. Daga nan tambayar ta koma kan masu horarwa, kuma kana da haƙƙin yin ta da babbar murya.