Yadda za ku haɗa kai ku sa sola a unguwarku

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareto ya gagari talaka, shi ya sa nake ganin gara 'yan unguwa su haɗu su yi sola guda ɗaya babba maimakon kowa ya riƙa fama shi kaɗai.

Ku fara da zama gaban mai unguwa, a rubuta abin da kowa zai kunna, fanka ne, firji ne, ko injin markaɗe, domin wannan lissafin shi zai nuna yawan fanel da girman inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wadda ake amfani da ita a gida. Sai ku yi rajistar ƙungiyar gama kai a jiha, ku buɗe asusun banki da sa hannun mutum uku, don Allah kar kuɗin jama'a ya kwana a aljihun mutum ɗaya.

Batir shi ne mai cin kuɗi, na litiyam ya fi tsada amma ya fi na ruwa daɗewa nesa ba kusa ba, kuma dole duk wata a ware wani abu kamar adashe don ranar da za a canza shi, wallahi nan ne yawanci ake faɗuwa, a sha wuta shekara biyu uku batir ya mutu asusu ba ko sisi.

Kowane gida a sa masa mita ta biya kafin sha. Ku tuntuɓi hukumar samar da wutar lantarki a karkara, wato REA, ita ta jagoranci sa sola a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Lokacin hunturu kuma a samu matasa biyu suna goge ƙurar fanel da sassafe, a biya su.